'Yar tashar da ke jikin tudu

Wannan ƙaramar tashar jirgin ƙasan cikin gari, in ba a nuna maka ba sai ka wuce ta. Ba mai sayar da tikiti, ba mai gadi. Dakalin siminti ne kawai da benci ɗaya da 'yar rumfa, gidajen unguwar kuma suna can sama, wani bisa wani.

Da jirgin zai tashi sai na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa. Ashe yashi yake zubawa a gaban ƙafafunsa! Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, balle an yi yayyafi ko ganye ya zuba kan layin, to yashin ne ke hana shi zamewa a hawa. Wuta kuwa daga wayar sama yake ja, yawanci bolt (ma'aunin ƙarfin wutar lantarki) 600 ko 750, kuma a gangara birkin sababbin jiragen yakan mayar da wani kaso na wutar cikin wayar.

Abin da bai yi mini ba shi ne matakalar shiga unguwar. Wata tsohuwa da jakar kaya sai da ta tsaya ta huta a tsakiya. Mai keken guragu fa, ta ina zai bi?