Almakashi a Cikin Jaka: Wata Takwas a Kan Hanya da Ɗan Guzuri

Tun da na dawo daga tafiyar da na yi a shekarar 2023, wadda ta kai ni Kwatano da Lome da Akara da Kumasi da Salaga, tambaya ɗaya ake yawan yi mini, wato nawa na tara kafin in tashi. Idan na faɗi gaskiya sai a ga kamar ina ɓoye wani abu, domin abin da na bar Kano da shi ba zai riƙe mutum wata biyu a ƙasar waje ba idan ya ce zaman cin guzuri zai yi. Sauran wata shidan hannuna ne ya biya su. Ni tela ne, kuma kayan da suka fi yi mini amfani a dukan tafiyar su ne almakashi da tef na awo da alli, waɗanda na naɗe a cikin tsohon rawani na cusa a ƙasan jaka.

Ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba. Kakana na wajen uba wanzami ne, kuma ya yi aikin hajji a ƙasa tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, tafiyar da ta ɗauke shi shekara bakwai zuwa da dawowa. Ban riske shi da rai ba, amma kakata ta sha ba mu labarin yadda ya fita da zabira a rataye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya bi ta Maiduguri ya haye zuwa Fort Lami, wato Injamena ta yanzu, daga can ya nufi Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid. Duk garin da guzuri ya ƙare sai ya sauke zabira a bakin kasuwa, ya yi aski da ƙaho har ya haɗa kuɗin zango na gaba. Ya yi kaka biyu yana tsintar auduga a gonakin Jazira na ƙasar Sudan, babban shirin noman ban-ruwa da aka buɗe bayan kammala madatsar Sannar a 1925, wanda ya ci gumin dubban mutanenmu masu niyyar Makka. Ya kuma zauna a Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu wanda aka sa wa sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi a 1903. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi tare da shi ba su taɓa haye Bahar Maliya ba, can suka yi aure suka hayayyafa. Abin da ya tsaya mini a rai tun ina yaro shi ne cewa mutumin nan bai jira ya tara kuɗin shekara bakwai ba, kuma da ya jira da bai tafi ba har abada.

Duk da haka, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na yi shekara ɗaya da rabi ina zubin adashi tare da teloli tara na layinmu, na kuma roƙi arziki aka bar mini kwasar ƙarshe, domin na san idan kuɗin suka shigo hannuna da wuri wata hidima za ta cinye su. Da na kwasa sai na kasa su uku. Kashi na farko na bar wa mahaifiyata, saboda ban ga halaccin mutum ya tafi buɗe ido ya bar wanda yake ciyarwa yana kallon tukunya ba. Wanda kuwa yake da mata da 'ya'ya, abincinsu na tsawon tafiyar shi ne farkon lissafi, idan bai samu ba to tafiyar ba ta yi ba tukuna. Kashi na biyu shi ne guzurin hanya. Kashi na uku na kai Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, na canza shi zuwa sefa, na ɗinke shi da hannuna a cikin ƙugun wani wando, na yi wa kaina alkawarin ba zan farke ɗinkin ba sai ranar da na juyo gida. Kafin wannan na riga na yi fasfo, na yi allurar rigakafin shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda rashinsa a bakin iyaka yake jawo wa matafiyi asarar kuɗi da ɓata lokaci.

Darasin farko ya zo mini da tsada. Na shiga Kwatano ta Seme a watan Janairu, a gajiye kuma ba na jin Faransanci, sai na bar wani ɗan acaɓa ya kai ni masaukin kuɗi, inda na yi kwana huɗu. Da na zauna na yi lissafi a daren na huɗu sai gabana ya faɗi, domin kwanan nan huɗu sun ci abin da na ware wa mako uku. Washegari da asuba na tambayi hanyar unguwar Zango, na yi salla a masallaci, na zauna har aka watse, sannan na gaida liman na faɗa masa daga inda nake da kuma sana'ata. Kafin azahar an haɗa ni da wasu samari uku 'yan Dogon Dutsi masu sayar da agogo da tabarau, waɗanda suke haya a ɗaki ɗaya, na zama na huɗunsu, muna raba kuɗin ɗaki da na ruwa da na gawayi.

A ɗakin nan na fahimci abin da yanzu nake ganin shi ne ginshiƙin duk wata doguwar tafiya ta mai ƙaramin ƙarfi: motsi ne yake cin kuɗi, zama ba ya ci sosai. Ranar da mutum ya tashi daga gari zuwa gari zai biya kuɗin mota da na kaya, zai ci abincin tasha da tsada, zai canza kuɗi a hannun wanda bai sani ba, za a tsayar da shi a shingayen hanya inda sau da yawa sai ya saki wani abu kafin a miƙo masa fasfonsa, sannan ya sauka a inda bai san farashin komai ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba har kwana 90, amma takarda daban, abin da ake tararwa a hanya daban. Wanda ya yi mako shida a gari ɗaya kuwa ya san mai ƙosai mai arha, ya san motar haya da talakawan garin suke shiga, an san fuskarsa har ana iya ba shi aiki. Saboda haka na soke rabin garuruwan da na rubuta a takarda tun a Kano, Lome ma kwana biyar kawai na yi mata na wuce Aflawo, bakin iyakar Gana.

Na isa Akara ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, kuma da gangan na daidaita hakan, domin duk tela ya san cewa daga farkon Ramadan zuwa daren salla babu shagon da hannu ya ishe shi. A unguwar Nima aka nuna mini shagon wani dattijo wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Sakkwato, shi kuwa a nan aka haife shi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayanina, bai ce mini komai ba sai da ya gama datse zaren da ke hannunsa. Sa'an nan ya jawo wani yadin shadda da aka riga aka yanka, ya ajiye a kan keken da ke lungu, ya ce, "Ɗana, baki ba ya ɗinki. Zauna can ka haɗa mini wuyan nan mu gani." Na haɗa, ya ɗaga rigar ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga kafaɗa har ƙasa, sannan ya ce, "Gobe bayan asuba." Na yi wata guda a kan keken nan, ana biyana a kan kowace riga, ina buɗe-baki da kokon gidansa, ina kwana a kan teburin yanka bayan an share ƙyallaye. Ban biya ko sisi na ɗaki ba, kuma abin da na samu a wannan wata ya fi dukan guzurin da na fito da shi daga gida.

Akwai wani abu a nan da nake so masu sha'awar irin wannan tafiya su ji da kyau, domin na ga samari suna ɗaukar karamcin mutanen zango kamar wata rijiya da ba ta ƙafewa. Mutanen Nima da na zangon Kumasi ba masu hali ba ne, akasarinsu abin da suka samo yau shi za su ci yau, kuma baƙo raɓa ne. Idan aka ba ka tabarma, ka ɗebo ruwa, ka sayo gawayi ba tare da an tambaye ka ba, ka ɗinke wa yaran gidan kayan makaranta, ka kuma tashi tun ana marmarinka. Haka kuma ya kamata mutum ya san dokar ƙasar da ya shiga. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Dattawan zango kuma har yau suna tuna korar baƙi ta 1969 a zamanin Firaminista Busiya, wadda ta raba gidaje da yawa. Shi ya sa ban taɓa kasa kaya ko karɓar ɗinki da sunana ba, na tsaya a matsayin mai taya maigida, kuma da kwanakina 90 suka kusa cika na je ofishin shige da fice na biya aka ƙara mini wa'adi, kuɗin da ban sa su a lissafi ba tun farko.

Abinci bai taɓa ba ni wahala ba. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, tuwon zafi da dare, duk abincinmu ne da fatake suka kai can, har sunayen ma da Hausa ake kiran su. Na kuma riƙa ajiye garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a jaka saboda ranakun mota.

Ina Kumasi ina ɗinkin babbar salla abubuwa suka juya a gida. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano, a tsakiyar Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ɗan abin da na bari a asusun banki ina cira kaɗan-kaɗan sai ya riƙa narkewa, kowane mako 'yan canji su ba ni abin da bai kai na makon jiya ba. Da a ce da shi kaɗai na dogara, da a watan nan tafiyar ta ƙare. Kuɗin ɗinkin salla ne suka kai ni Tamale, suka kai ni Salaga, garin da tun farko saboda shi na fito, domin in ga inda ayarin fatakenmu suke sauke jakai su lodo goron Gwanja. Na yi kwana tara a can ban ɗinka komai ba, ina zagaya tsofaffin rijiyoyin garin, ina zama da tsofaffi suna nuna mini inda kasuwar bayi ta ci, abin da ya sa na kasa barci dare biyu.

Niyyata ita ce in dawo ta tsohuwar hanyar fatake, in ratsa arewacin Togo in shiga Jugu da Paraku a Jamhuriyar Benin, in haye gadar Malanbil zuwa Gaya, in biyo ta Doso da Birnin Ƙonni in shigo Sakkwato. Ina Jugu aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, bayan 'yan kwanaki aka rufe iyakoki, manyan motoci suka yi layi a hanyar Malanbil. A lokacin abin da ya rage a aljihuna bai fi na abincin mako guda ba, garin kuma babu wanda ya san ni balle ya ba ni keke. A wani ɗan ɗaki kusa da tashar Paraku na ciro wandon nan daga ƙasan jaka, na sa bakin almakashi na farke ɗinkin da na yi wata bakwai da suka wuce. Sefa ba ta motsa ba, domin a ɗaure take da kuɗin Turai, don haka da na canza ta a Cikanda, bakin iyakar Najeriya, bayan na biyo ta Nikki, sai ta ba ni naira fiye da wadda na kai Wapa, kuma wannan ƙarin ne ya cike gibin kuɗin mota da ya ninka a cikin Najeriya. Na sauka a Kano a tsakiyar Agusta, ana ruwa, da saƙon goro ɗan kaɗan da dattijon Nima ya ce in kai wa mahaifiyata, wanda na riƙa yayyafa wa ruwa ina sauya masa ganye tun daga Akara.