Inda na kai da zanen lissafi a kwamfuta: daga farabola zuwa tsawon yini

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Wasunku sun tambaya ko har yanzu ina kan zanen lissafi da manhaja, ko kuwa zafin farko ya huce. Ina nan daram, kuma ga inda na kai.

Manhajoji biyu nake riƙe da su kullum, Desmos da GeoGebra, dukkansu kyauta ne kuma suna aiki a waya. GeoGebra ce babba a shekaru. Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a matsayin aikin digirinsa na biyu a Jami'ar Salzburg da ke Ostiriya, ita kuwa Desmos Eli Luberoff ne ya kafa ta a Amurka a 2011. In ina son in jefa ƙa'ida in ga siffarta nan take, Desmos nake buɗewa, don ta fi sauƙin hannu. In aikin na da ɗan nauyi, ko ina tattalin data, sai GeoGebra da na sauke a kwamfuta, wadda ba ta buƙatar intanet. Kwanan nan na ƙara da Python, wani yaren rubuta wa kwamfuta umarni, zan zo kanta a gaba.

Na fara da abin da duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya sani: y = x² − 5x + 6. A takardar giraf mun saba, a yi teburi, a lissafa y ɗaya bayan ɗaya, a ɗiga, a haɗa da fensir ana addu'ar kada hannu ya karkace. A Desmos kana gama rubutawa zanen ya fito. Ka taɓa layin, sai ɗigogi su bayyana a inda ya ratsa layin kwance, wato 2 da 3, da kuma gindinsa a (2.5, −0.25). Wannan kaɗai bai burge ni sosai ba, saurin aiki ne kawai. Abin da ya riƙe ni shi ne da na rubuta y = ax² + bx + c da haruffa, manhajar ta ba ni sandar ja ga kowane harafi, yadda zan riƙa sauya lambar da yatsa ina kallon zanen yana motsi.

Ku gwada wannan da kanku. Ku bar a a kan 1, b a kan −5, ku riƙa ɗaga c a hankali daga 6. Farabolar, wato lanƙwasasshen zanen nan mai siffar U, za ta riƙa tashi sama, wuraren nan biyu da take ratsa layin kwance suna matsowa kusa da juna, har su haɗe su zama ɗaya a daidai c = 6.25. Da an wuce nan, zanen ya rabu da layin gaba ɗaya. To ku lissafa b² − 4ac a wannan gaɓar: 25 a cire 25, sifili. Abin da muka haddace ke nan a aji, cewa in ya fi sifili amsa biyu ce, in sifili ne amsa ɗaya, in ya gaza babu amsa a lambobin da muka saba. Haddar na nan a kaina tun tuni, amma sai yanzu na ga abin yana faruwa a gabana.

Sandar b ta fi ban sha'awa. Da a da c, mutum na iya hasashen abin da zai faru: a na buɗe bakin farabolar ko ta tsuke shi, in ta koma ƙasa da sifili ta kifar da ita, c kuwa ɗagawa da saukewa ce kawai. Amma da ka ja b, sai zanen ya riƙa lilo, yana gangarawa gefe yana dawowa. Na daɗe ina kallo kafin na lura cewa gindin ba yawo yake yi haka kawai ba, hanya yake bi. Muddin a na kan 1, gindin yana a x = −b/2, tsayinsa kuma c − b²/4. In ka haɗa biyun, za ka ga kullum yana kan y = c − x², wato wata farabolar ce a kife. Na rubuta y = 6 − x² a layi na biyu, na sake jan b, sai ga gindin yana bin ta sau da ƙafa. Ban taɓa cin karo da wannan a aji ba, kuma ban ga yadda za a yi mutum ya lura da shi da fensir ba, sai dai in zai zana farabola ashirin a takarda ɗaya.

Daga nan ne na fara gane cewa allon ba ya nuna komai da komai. Desmos kan buɗe da taga daga −10 zuwa 10, kuma abin da ke wajen tagar ba ruwanta da shi. Ku zana y = x² tare da y = 2^x. A allon kwamfuta za ku ga sun haɗu a wuri biyu, ɗaya a (2, 4), ɗaya can hagu wajen x = −0.767. Mai gaggawa zai rubuta cewa amsa biyu ce ya wuce. Alhali akwai ta uku a (4, 16), tana sama da inda allon ya tsaya. Da x³ abin ya fi haka ɓuya: a x = 9 tana da 729, ita kuwa 2^x tana da 512, sai ka ɗauka x³ ta tsere ke nan. A x = 10 kuma 1000 ne da 1024, an riga an wuce ta, kuma ba za ta sake kamowa ba har abada. Wanda bai ja tagar sama zuwa dubu ba, ba zai ga wannan ba. Shi ya sa yanzu kafin in danna komai nakan ɗan lissafa lambobi biyu ko uku a gefen takarda, in san wajen da zan nema.

Ga masu shigowa sabo, abubuwa biyu da ke yawan tayar da hankali. Na farko, in ka rubuta y = sin x ka ga igiya tana hawa da sauka a matse, tana kammala zagaye a 6.28 maimakon 360, manhajar ba ta lalace ba. Da radiyan take aiki, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, ka shiga alamar sifana a kusurwar allo ka mayar da ita digiri, sannan ka faɗaɗa layin kwance zuwa 360. Na biyu, in ka buga 1/2x kai tsaye a Desmos, x ɗin zai faɗa ƙarƙashin layin rabawa tare da 2, ka sami wani zane daban da wanda kake nufi. In rabin x kake so, rubuta x/2 ka huta.

Akwai kuma abin da zanen ke ɓoyewa ko da tagar ta yi daidai. Ku rubuta y = (x² − 1)/(x − 1). Miƙaƙƙen layi zai fito, babu bambanci da y = x + 1. Amma a x = 1 ƙasan ya zama sifili, ba a raba lamba da sifili, don haka akwai rami a wurin. Ramin ɗigo ɗaya ne tak, ba shi da faɗi, allo ba zai iya nuna shi ba. Sai ka buɗe teburi ka sa 1, sannan manhajar ta gaya maka babu amsa a nan.

Dalilin duk wannan bai zauna mini sosai ba sai da na koma Python. Can ana zane da Matplotlib, wadda John Hunter ya fara a 2003, kuma ita ba ta yi maka kara. Kai ne za ka ce ga lambobin x da nake so, ta lissafa y na kowanne, ta haɗa su da gajerun miƙaƙƙun layuka. Aikinta kamar na tela ne, allura na sauka nan da can, zare ne ke cike tsakani, abin da ke tsakanin huda biyu ba ta taɓa shi ba. Na ba ta ɗigo 100 daga −5 zuwa 5 na ce ta zana 1/x. Ɗigo biyun da suka fi kusa da sifili suna wajen −0.05 da 0.05, ɗaya ya ba da kusan −19.8, ɗayan 19.8, sai kawai ta ja layi daga ƙasa zuwa sama ta haɗa su. Wannan layin babu shi a lissafi, rassan 1/x biyu ba sa taɓa haɗuwa. Maganinsa shi ne ka maye gurbin lambobin da suka yi girma fiye da kima da NaN, alamar da ke nufin babu lamba a wurin, sai ta ɗaga hannu ta tsallake. Desmos da GeoGebra ma ɗigogi suke lissafawa, sai dai an koya musu dabarar ƙara ɗigo inda layi ke lanƙwasa da sauri da kuma gane inda ya tsinke, shi ya sa ba mu cika ganin ɗinkin ba. Ku kuma tuna cewa a Python ana rubuta x² a matsayin x**2 ne, alamar ^ wani aiki take yi daban.

Gwajin da ya fi ba ni mamaki da wutar lantarki na yi shi. Wutar gidajenmu mai ƙarfin volt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ƙololuwarta kuma wajen 325, wato 230 sau tushen 2. Ƙa'idarta y = 325 sin(2π × 50t), kowane zagaye na cin daƙiƙa 0.02. Da gangan na sa kwamfutar ta riƙa ɗaukar ɗigo duk bayan daƙiƙa 0.021, ɗan sama kaɗan da zagaye ɗaya. Abin da ya fito igiya ce kyakkyawa, sumul, mai tafiya a hankali, tana zagaye kusan 2.4 kacal a daƙiƙa. Babu wata alama a zanen da za ta sa ka yi zargi. Kowane ɗigo daidai yake, haɗin ne ƙarya, domin tsakanin kowane ɗigo da na gaba igiyar ta yi cikakken zagaye ba a gani ba. Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan, ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce sai ka ɗauki fiye da ɗigo biyu a kowane zagaye, a nan ke nan fiye da 100 a daƙiƙa. Don zane mai kyan gani kuwa, gara ka ninka hakan sau da yawa.

Aikin da nake kai yanzu shi ne tsawon yini a cikin shekara. Layi biyu ne a Desmos, bayan an mayar da ita digiri. Na farko yana ba da karkatar rana a kowace ranar shekara: d(x) = 23.44 sin(360(x − 81)/365), inda x ke nufin rana ta nawa daga 1 ga Janairu, 23.44 kuma karkatar duniya ce a kan sandarta. Na biyu yana ba da awannin yini: y = (2/15) arccos(−tan p × tan d(x)), inda p ke nufin nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu, a digiri. Sha biyar ɗin ta fito ne daga juyawar duniya, digiri 15 a kowace awa. Sai ka sa wa p sandar ja, ka buɗe layin kwance daga 1 zuwa 365, na tsaye daga 0 zuwa 24.

Kano na wajen digiri 12 a arewa. Da na sa 12, igiyar ta fito kusan a kwance: awa 12.7 a ƙololuwa wajen rana ta 172, wato 21 ga Yuni, da awa 11.3 a ƙarshen Disamba. Bambancin duka bai kai awa ɗaya da rabi ba. Legas, a digiri 6.5, ta fi haka lafawa, daga 11.6 zuwa 12.4. Agadas, a wajen 17, daga awa 11 zuwa 13. Da na ja sandar zuwa 51.5, inda Landan take, sai igiyar ta miƙe tsaye, daga awa 7.6 a hunturu zuwa 16.4 a Yuni. Nan na fahimci abin da 'yan uwanmu mazauna Ingila ke nufi in azumi ya faɗo musu a tsakiyar shekara, balle ma azumi daga alfijir yake farawa, ba daga fitowar rana ba, don haka nasu ya ɗara abin da zanen ya nuna. In ka sa p ƙasa da sifili, zanen ya kife, Disamba ta zama mai dogon yini, kamar yadda yake a Afirka ta Kudu.

In kun gwada lambobin nan da kalandar lokutan salla, za ku ga yinin kalanda ya fi nawa da 'yan mintoci. Ƙa'idar ta ɗauki rana a matsayin ɗigo ɗaya, ba ta kuma lissafa yadda iskar sama ke lanƙwasa haske ba, wanda ke sa a hango rana tun kafin ta gama fitowa. Gyaran da aka saba yi shi ne a ɗauki fitowa da faɗuwa a lokacin da tsakiyar rana ke digiri 0.833 ƙasa da sararin da ido ke iya kaiwa. Shi nake ƙoƙarin shigarwa yanzu.

Ku ja sandar ta wuce 66.56 ku ga abin da zai faru. A digiri 69.6, wajen garin Tromso na Norwe, layin zai tsinke a wuri biyu, tsakiyar shekara da kuma ƙarshenta zuwa farkon sabuwa. Wannan karon ba dabarar manhaja ba ce ta gaza. Abin da ke cikin arccos ne ya fita daga tsakanin −1 da 1, ba shi da amsa, domin a waɗannan makonni rana ba ta faɗuwa sam, ko kuma ba ta fitowa. Ina so in cike giɓin da sharaɗi, in ce wa Desmos ta rubuta 24 a na farko, sifili a na biyu. Wanda ya riga ni yin haka a GeoGebra ya turo mini yadda ya tsara nasa, in gwada da nawa.