Allon ƙara haske da fim: abin da aikin ɗakin hoton eksire ya koya mini

Yawancin marasa lafiyan da ake turo mana da takardar likita, har ma da wasu ma'aikatan asibiti, sun ɗauka cewa eksire ne da kansa yake zana ƙashin mutum a jikin fim. Shekarun da na yi ina ɗaukar hoto da wanke shi a wani babban asibiti a Arewa, tun kafin injinan kwamfuta su iso mana, sun nuna mini cewa ba haka abin yake ba. Abin da fim yake kamawa na eksiren da ya faɗo masa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, sauran kuwa ratsawa yake yi ya wuce. Haske ne na zahiri yake baƙanta fim, wanda alluna biyu da ke manne a cikin kaset, akwatin da ake saka fim, suke fitarwa a daidai lokacin da eksire ya buge su, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na hoton da likita zai ɗaga ya duba aikin wannan hasken ne.

Kaset akwati ne mai faɗi marar kauri, wanda haske ba ya shiga idan an rufe shi. Mun fi amfani da mai girman santimita 35 da 43 wajen hoton ƙirji da ciki, sai 24 da 30 da kuma 18 da 24 wajen hannu da ƙafa da ƙananan yara. Idan aka buɗe shi za a ga farin allo a kowane murfi, da soso a bayansa wanda yake danna shi a kan fim, ga kuma siririn fallen dalma a murfin baya domin tare eksiren da kan yi tsalle ya dawo. Shi kuma fim an shafe fuskokinsa biyu da sinadarin azurfa, kowace fuska tana kallon allonta.

Dabarar ta tsufa daidai da eksiren kansa. A Nuwamban 1895, a birnin Wurzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya gane akwai wani haske da ido ba ya gani ne saboda wata takarda da aka shafa wa sinadari ta yi ƙyalli a cikin ɗakinsa mai duhu. A shekarar 1896 Thomas Edison ya gwada sinadarai masu yawa a Amurka, ya ga kalsiyam tongistet ya fi su ƙyalli, kuma a shekarar ce Michael Pupin na Jami'ar Columbia ya ɗora irin wannan allo a kan farantin hoto, lokacin ɗauka ya ragu ƙwarai. Kalsiyam tongistet, mai fitar da shuɗin haske, shi ya riƙe fagen har zuwa shekarun 1970, lokacin da aka fito da allunan sinadaran gadoliniyam da lantanam. Tsohon allo yana mayar da kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin eksiren da ya sha zuwa haske, sababbin kuwa sun ninka haka sau uku zuwa huɗu, wato marar lafiya zai sha eksire kaɗan a samu hoto iri ɗaya.

A nan ne darasin da ya fi zauna mini ya fito. Allon gadoliniyam koren haske yake fitarwa, saboda haka fim mai jin kore yake buƙata, kuma fim mai jin kore ba ya jure fitilar ɗakin duhu mai ruwan goro wadda aka saba amfani da ita ga fim mai jin shuɗi. Ja wur ita ce tasa. Akwai lokacin da aka kawo mana kwalayen fim mai jin kore alhali rabin kaset ɗinmu na tsohon allo ne, fitilar ɗakin duhu ma ba a canza ta ba. Hotuna suka riƙa fitowa da hazo, baƙin bai yi baƙi ba, farin bai yi fari ba, likitoci suna ta dawo da su. Dattijon da ke kula da ɗakin duhu, wanda duk muke kira Baba, shi ya warware matsalar. Ya ɗauko fim ɗaya ya shimfiɗa a kan teburin loda kaset, ya rufe shi da kwali, ya riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan bayan kowane rabin minti, sannan ya wanke. Sai ga fim ya fito da matakala-matakala, kowace ta fi ta kusa da ita duhu. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, ka ga inda hazon yake fitowa, injin bai yi laifin komai ba." Muka sauya gilashin fitila, muka liƙa wa kowane kaset takarda mai nuna irin allon da ke cikinsa. Tun daga nan ba na karɓar kwalin fim daga sito sai na karanta jikinsa.

Hunturu shi ne babban abokin gabar allo. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta zauna tsakanin allo da fim, za ta tare haske a wurin, ta bar farin ɗigo a hoto, kuma farin ɗigo a hoton ƙirji ko na ƙoda ba abin wasa ba ne, domin likita yana iya ɗaukarsa tabon tarin fuka ne ko tsakuwa. Shi ya sa muke rubuta lamba a gefen kowane allo, ta yadda za ta fito a jikin hoto; idan ɗigon ya maimaita kansa a wuri ɗaya, mun san kaset ɗin da za mu nemo. Gogewa kuwa da ruwan da aka yi domin allo ake yin ta, da tsumma marar zare, sannan a jingine kaset a buɗe har ya bushe sarai. Farce ma ɓarna yake yi, kuma duk wanda ya saba ciro fim da farce, ba a daɗewa sai ka ga sawunsa a kusurwar allo, tabon da ba ya gyaruwa sai an sayi sabo. Bushewar iska tana kawo wata matsalar: idan aka zaro fim da sauri daga kwali, tartsatsin lantarki yana tashi ya bar baƙin zane mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Maganinsa a zaro fim a hankali, a kuma ajiye kwalaye a tsaye, ba a jibge wani kan wani ba.

Akwai lahanin da ido ba ya gani sai an gwada. Idan kaset ya faɗi ya lanƙwashe, ko sosonsa ya mutu, allo ba ya manne wa fim sosai, sai haske ya bazu kafin ya isa, hoto ya dushe a wurin. Muna ɗora ragar waya a kan kaset mu ɗauki hotonta, mu rataye a akwatin duba hoto, mu ja baya kamar taku uku. Inda mannewar ta lalace za a ga baƙin gajimare a tsakiyar ragar. Na fi yarda da wannan gwaji a kan kallon kaset daga waje, domin na sha ganin mai tsatsa da ya ci jarrabawa, da mai sheƙi da ya faɗi.

Zaɓen allo kuma ciniki ne, ba a samun riba biyu a lokaci guda. Gudun allo lamba ce mai nuna saurinsa wajen baƙanta fim. Allo mai gudun 400 yana da kauri ko manyan ƙwayoyi, yana rage eksiren da ake bai wa mutum, amma hotonsa bai kai na mai gudun 100 fitar da ƙananan layuka ba, kuma idan aka rage eksiren ya yi yawa sai hoton ya yi tsaki-tsaki. Ni dai na kan ba ciki da ƙugu da ƙashin baya mai sauri, musamman ga yara da mata matasa, in ajiye mai jinkiri domin yatsu da wuyan hannu, inda tsagewar ƙashi kan yi siririya ƙwarai. Hoton mama nasa daban ne, allo ɗaya da fim mai fuska ɗaya.

Zafin bazara ya fi taɓa wanki. Ruwan sinadarin da ake wanke fim da hannu a cikin tanki an tsara shi ne a kan digiri 20 na kimanin minti biyar, alhali a watan Afrilu ruwan famfo kansa ya haura 30, don haka ƙanƙara muke sayowa mu zuba a ruwan da ke kewaye da tankin, ma'aunin zafi yana rataye a ciki. Injin wanki mai gama fim cikin daƙiƙa 90 ya sauƙaƙa mana, sai dai ranar da aka ɗauke wuta tankin ake komawa.

Yanzu da muka koma hoton kwamfuta, wanda kamfanin Fuji ya fara fitarwa a 1983, allon bai ɓace ba, domin farantai da yawa na zamani har yau sinadari mai ƙyalli ne yake mayar musu da eksire haske kafin na'ura ta karanta. Abin da ya ɓace shi ne tonon asirin da fim yake yi: idan ka ba shi eksire fiye da kima zai fito baƙi ƙirin kowa ya gani, kwamfuta kuwa gyara hoton take yi ya fito tsaf. Saboda haka ɗaliban da ake kawo mana horo, ba na barin su tura hoto ga likita sai sun karanta mini lambar da injin ya nuna ta yawan eksiren da farantin ya sha, sun kuma kwatanta ta da wadda aka ƙayyade wa wannan sashen jiki.