Ba Kullum Fanbel Ke Da Laifi Ba: A Duba Tenshina

Idan mota ta fara kukan "ƙiii" da zarar an tayar da inji da safe, fanbel ake fara ɗora wa laifi. A sayo sabo a saka, kukan ya ɗauke na sati biyu ko uku, sai ya dawo kamar ba a yi komai ba. Sau da yawa bel ɗin lafiyarsa ƙalau. Tenshina ce ta gaji.

A yawancin motocin yanzu bel ɗaya ne mai tsaga-tsaga yake zagaye gaban inji. Yana karɓar juyi daga fulin kurankishaf, wato faifan da inji ke juyawa, ya juya altaneta mai cajin batir, da kwamfiresan sanyi, da famfon sitiyari idan mai amfani da mai ne, a motoci da dama har da famfon ruwa. Abin da ke danne shi kada ya yi sako-sako shi ne tenshina: hannun ƙarfe ne mai fuli a baki, da sifirin mai ƙarfi a naɗe a gindinsa. Ba tenshinar taimin bel ake nufi ba, waccan tana ɓoye a bayan murfi, aikinta daban ne.

Abu uku ke mutuwa a jikin tenshinar fanbel. Sifirin yakan saki, ɗauri ya ragu, bel ya riƙa santsi a kan fuli yana zafi har bayansa ya yi ƙyalli kamar an goge. Boris ɗin fulin, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da yake juyawa a kansu, yakan bushe, giris ya ƙare, ya fara gurnani. Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa da shi: a cikin gindin akwai wani zobe mai tauri da ke shanye girgizar inji. Idan ya cinye, hannun sai ya riƙa rawa, ko ya karkace gefe, bel ya dinga hawa fuli a karkace yana cin bakinsa.

Dubawa ba ta da wuya. A bar inji yana aiki a tsaye, a kunna na'urar sanyi da fitilu domin a ɗora masa nauyi, a zuba wa hannun tenshina ido. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne. Amma idan yana tsalle yana kaɗawa, akwai matsala. Sai a fesa ɗan ruwa a ɓangaren tsagar bel, daga nesa, hannu da bakin riga kada su kusanci abin da ke juyawa. Idan kukan ya ƙaru, ɗauri ne ya yi kaɗan. Idan ya ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ya dawo, wani fuli ne ya kauce daga layi. Tenshina da yawa kuma suna da ɗan zane a jikinsu da ke nuna iyakar tafiyar hannun. In alamar ta wuce iyaka, ko bel ya cinye ko ba girmansa aka saka ba.

Kada a dogara da neman tsattsagewa a jikin bel. Na da sukan tsage idan sun tsufa, amma na yanzu da ake yi da robar EPDM cinyewa suke yi a hankali kamar taya, tsagar ta yi zurfi har bel ya daina kama fuli sosai alhali a ido fes yake. Kuma ina roƙo a daina fesa masa mai ko shafa masa sabulu don ya yi shiru. Robar ce ke lalacewa, ciwon kuma yana nan.

Wajen canzawa, a bari inji ya huce, a cire baƙar wayar batir, domin fankar lagireto mai lantarki tana iya tashi da kanta. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya, ko a nemo zanen da ake liƙawa a ƙarƙashin bonet. Mutum zai rantse ya riƙe hanyar a ka, sai ya zo mayarwa ya tarar fuli bakwai suna kallonsa.

A jikin hannun akwai ko dai rami mai kusurwa huɗu na inci 3/8 ko 1/2, ko kan noti, galibi milimita 14 zuwa 19. A sa doguwar sifana a juya hannun zuwa ɓangaren da ke sassauta bel, a zare bel daga fuli mai santsi marar tsaga, sannan a saki hannun a hankali. Kada a sake shi ya buga da kansa, kuma kada yatsa ya shiga tsakanin bel da fuli. Yayin juyawar nan a ji shi a hannu: mai lafiya yana tafiya sumul da ƙarfi, wanda ya mutu yana sarƙewa ko ya yi laƙwas.

Tunda bel ya fita, a juya kowane fuli da hannu. Wanda ya yi ta juyawa shi kaɗai yana ƙara, giris ɗinsa ya ƙare. Wanda ke girgiza gefe da gefe ma ya gama. A nan ne ya kamata a kula da fulin altaneta. A motoci da yawa, musamman masu dizal, yana da kulocin da ke kamawa ta ɓangare ɗaya ya saki ta ɗayan. Idan ya ƙame, shi ke sa tenshina rawa, kuma zai kashe sabuwar ma cikin ɗan lokaci. A duba kuma ko baƙin mai ko ruwan lagireto na ɗiga a wurin, a toshe yoyon tukuna.

Noti ɗaya zuwa uku ke riƙe da tenshina. A kwance, a ajiye tsohuwa kusa da sabuwa a gwada su, a goge mazaunin tas, don ɗan datti a ƙarƙashi ya isa ya karkatar da fuli. A bayanta yawanci akwai ɗan fegi da dole ya shiga raminsa kafin a ɗaure. A fara ɗaura noti da hannu, a ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi daidai da littafin motar, domin sau da yawa cikin alminiyam ake ɗaurawa, kuma zarensa ba ya jure wuce gona da iri.

Ra'ayina shi ne a haɗa da sabon bel da ƙananan fuli a lokaci guda, tunda tare suka yi tafiyar, wajen kilomita 100,000 zuwa 150,000. Lambar bel tana jikinsa: 6PK1750 na nufin layi 6, tsawo milimita 1750. A zagaya shi bisa hoton, a bar fuli mai santsi ya zama na ƙarshe, a bi kowane fuli da yatsa a tabbatar layin bel ya zauna cikin tsagarsa. A mayar da wayar batir, a tayar da inji na minti ɗaya, a kashe, a sake dubawa. Idan layi ɗaya ya hau bakin fuli, a sassauta a gyara shi nan take kafin mota ta motsa.