Bokitin Tana a Bayan Ɗaki

Yau da hantsi ni da yarana muka buɗe bokitin da muka zuba wa jiƙaƙƙen kwali da ɓawon ayaba makonni 3 da suka wuce, domin tsutsotsin tana su mayar mana da su taki. Da autata ta ɗaga kwalin, sai suka nutse cikin ƙasa saboda ba sa jure haske, ita kuwa ta kare su da tafin hannunta tana cewa, "Baba, rana za ta ƙona su." Na bayyana mata cewa ta fatarsu suke numfashi, shi ya sa bushewa take kashe su, sai ta ruga ta ɗebo ruwa ta yayyafa a hankali.

Yarinyar nan da damina ihu take yi idan ta ga tana. Har yanzu wannan ƙaramin hannun nata nake tunani.