Fankar ɗakin jirgi ta karkatar mini da kamfas, sai jiya na gano

'Yan uwa masu koyon gyaran jirgin ruwa, jiya Asabar na samu kan matsalar kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa a jirgi, da ta hana ni sukuni mako uku, kuma ban iya haƙuri sai na ba ku labari.

Kun san jirgin, ɗan tsohon nan na faiba mai tsawon ƙafa 26 da ke tafiya da iska, wanda ni da abokina muke ta farfaɗowa a nan Legas. Tun watan Fabrairu ɗakinsa ya zama tanda. Da yamma iskar teku takan taso daga kudu maso yamma, in muna kan anka a Tarkwa Bay, kusa da mashigar tashar Legas, gaban jirgi ya juya ya fuskance ta, ta shigo ta tagar rufi, a ji daɗi. Tsakar dare kuwa sai ta ɗauke ɗif. Ga ragar sauro da muka sa a tagar tana tare ɗan abin da ya rage. Uwargida ta kwana sau ɗaya, da asuba ta ce, "Malam, in ba fanka, ni da jirgin nan sai dai daga nesa."

Na sayi fanka ƙirar Sirocco II guda uku na kamfanin Caframo na Kanada. Kowace ɗaya ta haura dala 100, ban da kuɗin kawowa, kuma wallahi na ji a jikina. Abin da ya ja ni shi ne ƙarancin cin wuta: amp 0.12 a ƙaramin gudu, 0.35 a babba, a kan volt 12. Ko duka ukun suka kwana a babban gudu awa 8, abin da za su sha daga batir bai kai amp-awa 9 ba, sola ta mayar da shi kafin azahar. Ga shi tana juyawa ta kowace fuska, in an gama a kwantar da ita jikin bango.

Biyu ba su ba ni wahala ba. Ta ɗakin gaba na ɗaure ta da igiyar roba tukuna, na kwanta a gadon, na yi ta matsar da ita har dare biyu kafin in huda komai. Kusa da kai ta busar mini da ido. Daga wajen ƙafa iskar ba ta isowa. Inda ta zauna shi ne sama da kafaɗa, gefen tagar rufi, tana jawo iskar waje tana zuba ta a ƙirji. Ta yi ɗan gurnani domin filawud ɗin bangon siriri ne, yana amsawa kamar fatar ganga, sai na yanka tsohon tiyub na babur na sa a ƙarƙashinta, ta yi shiru. Ta wajen girki kuma na karkatar da ita don kada ta riƙa kaɗa wutar risho.

Ta ukun ce ta jawo abin. Na kafa ta a bangon baya, gefen ƙofar shiga, don ta hura wa mai kwance a dogon benci. Wurin ya yi kyau ƙwarai, waya gajera, hannu na kaiwa daga kwance. Ko kaɗan ban tuna cewa a bayan wannan bangon, ta waje, kamfas ɗin tuƙi yake ba. Tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba.

Fitarmu ta gaba, muna bin mashigar tashar Legas tsakanin dogayen ganuwar duwatsun nan biyu, hanyar da na bi ba adadi kuma na san abin da kamfas ke nunawa a cikinta, sai na ga ya kauce da kusan digiri 15. Na ce ko igiyar ruwa ce ke jan mu, shi ya sa GPS da kamfas suka saɓa. Amma ai ganuwa ba ta motsi, kuma muna tafiya daidai da ita. Fankar ta faɗo mini a rai, na leƙa ciki na kashe ta. Kamfas bai motsa ba. Na kashe babban makunnin batir gaba ɗaya. Ko gezau. Nan na wanke fanka daga zargi, kuma wannan kuskuren ne ya ci mini mako uku.

Babu abin da ban tuhuma ba. Na kwashe akwatin sufanu daga ƙarƙashin matakala. Na cire rediyon hannu da wayoyinmu. Na kwance sukurorin da ke riƙe da kamfas ɗin na gwada su da maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya taɓa sa na baƙin ƙarfe. Na duba ko kumfa ta shiga ruwan cikinsa. Har na ɗauki sukudireba zan taɓa ƙananan sukurorin saitinsa, abokina ya riƙe mini hannu ya ce in bari, kamfas ɗin da ya yi shekaru lafiya ba ya lalacewa rana ɗaya. Allah ya saka masa, da na ƙara ɓata lamarin. Abin da ya fi ruɗa ni, kaucewar ba iri ɗaya ba ce. In mun fuskanci kudu ta yi yawa, in mun juya wata fuskar ta ragu har ta kusa ɓacewa. Raina ya ɓaci sosai, har na fara tambayar kuɗin sabon kamfas.

Jiya ina share ɗaki, na miƙar da fankar daga jikin bango don in goge bayanta. Abokina yana zaune a waje sai ya ɗaga murya: "Kai, me ka taɓa? Kamfas ya juya!" Na kwantar da ita, ya koma. Na sake miƙar da ita, ya sake juyawa. Fankar a kashe take, ko wuta babu a layin.

Injin irin wannan fankar yana da maganaɗisu na dindindin a cikinsa. Ko tana aiki ko ba ta yi, yana nan yana ja. Ni kuwa tunanina duk ya tafi kan wutar da ke bin waya, shi ya sa da na kashe makunni ban ga canji ba na ɗauka ba ita ba ce. Wannan kuma shi ya bayyana dalilin da kaucewar ke canzawa: maganaɗisun yana juyawa tare da jirgi, arewa kuwa tana inda take.

Na kwance ta, na riƙe a hannu ina ja da baya a hankali, shi yana kallon kamfas yana faɗa mini. Wajen rabin mita motsin ya ragu sosai, amma sai da na kai kusan mita ɗaya ya ce ya tsaya cak. Na ƙara taƙi ɗaya a kai don hankalina ya kwanta. Wurin ya faɗa jikin faibar jirgi, inda ba na yarda in huda, don haka na manna ɗan katakon iroko da gam ɗin ifoksi, na ɗaure fankar a kansa. Sabuwar wayar mai rufin kuza ce saboda gishirin teku, na murɗe jar wayar da rawayar tare kamar tufka don jan da wutarsu ke yi ya kashe juna, na sa fiyus mai amp 3 kusa da allon makunnai. 

Da la'asar muka fita gwaji. A tsakiyar mashigar, kamfas ya nuna abin da ya saba nunawa, fanka a kunne da kuma a kashe. Na yi hamdala da ƙarfi har masu kwalekwalen da ke wucewa suka waiwayo.

Saura ramukan sukuru a tsohon wurin da zan cike, da kuma lasifikar rediyo da na lura tana rataye ba nisa da bangon nan. Ita ma akwai maganaɗisu a cikinta, ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan yi mata irin wannan gwajin.