Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rumbun da na ƙirga daga waje

Makon jiya na tsaya a inda wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ni aiki a nan Damagaram, aka ba ni tebur a buro, aka ce ni ne mai kula da sha'anin cimaka da hanyoyin neman abin kai na mutanen karkara. Yau labarin wani kuskure ne da na tafka da hannuna a shekarar 2010, wanda har gobe idan na tuna shi sai barci ya ƙaurace mini.

Damanar 2009 ta zo a makare, ta kuma ɗauke tun hatsi yana bununi. Duk wanda ya bi hanyar Agadas ya ratsa Damargu a kakar nan ya ga gonaki tsaye, kara babu zangarniya. Kowa ya san abin da ke tafe, amma a hukumance kalmar yunwa ba a son jin ta. Ba mu manta da 2005 ba, shekarar da buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, shugaba Tandja ya ce babu yunwa a Nijar, alhali a watan Agusta Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo har Damagaram ya ga yara kwance a likitar tamowa. Sai da sojoji suka yi juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 sannan sabbin hukumomi suka fito fili suka nemi taimako. Ƙididdigar da ta biyo baya ta nuna mutum wajen miliyan 7, kusan rabin al'ummar ƙasa, suna cikin ƙarancin cimaka.

Mutane sun ɗauka aikinmu rabon buhu ne. Rabo shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mai sauƙi. Yawancin kwanakina a kasuwa suke ƙarewa. Ranar Alhamis ina Kasuwar Dole da ɗan littafina, ina tambayar kuɗin tiyar hatsi da dawa da wake, daga nan in wuce wajen 'yan dabbobi in ji nawa bunsuru. Tiya 40 ke cika buhu, sai ka lissafa tiya nawa bunsuru ɗaya zai sayo. Idan hatsi na hawa, dabba na faɗuwa, talaka yana cin wuta ta gaba da ta baya. Idan kuwa ka fara ganin tumaki masu ciki da karsana a kasuwa, ko mace ta shimfiɗa kwanukan jerenta tana neman mai saye, to gida ya fara cin kansa. Kasuwa tana faɗin yunwa watanni kafin ta bayyana a damtsen yaro.

A watan Afrilu aka tura mu wani ƙauye arewa da Tanut mu fitar da sunayen waɗanda za a ba hatsi har kaka. Gidajen garin sun haura 200, mu kuwa gida 60 aka yanka mana. Tsarin shi ne a tara gari a ƙarƙashin itace, mutane da bakinsu su faɗi yadda ake gane mai hali, da matsakaici, da talaka, da talaka tilis: dami nawa ya ɗauka, awaki nawa, yana da amalanke ko babu, baki nawa yake ciyarwa. Kwamiti biyu su zauna daban su jera sunaye, mu gwama, sannan mu bi gida gida mu tabbatar.

Wajen tabbatarwar nan ne na iso wani gida a gefen gari. Maigidan ya tafi ci rani Libiya, saura mata da yara, ni kuwa namiji, gida ba shiga. Na tsaya bakin darni na leƙa. Rumbu biyu manya, an liƙe bakinsu da laka tsaf. Ga amalanke jingine da bedi. Tsakar gida a share tas, ko tsinke babu. Kwamiti ya sa su cikin matsakaita, idona ma ya ce haka ne. Na yi sallama, wata tsohuwa ta amsa daga ciki, na ce, “Inna, lafiya kuke?” Ta ce, “Lafiya lau, ɗana, mun gode Allah.” Na ja layi a takarda na yi gaba. Ban yi minti biyar a ƙofar gidan ba. Rana ta take, akwai sauran gidaje da yawa a gabana, kuma ina son mu koma Tanut kafin duhu. Ban ko tambayi inda san amalanken yake ba.

Bayan sati uku muka dawo rabo. Akwai wata abokiyar aikinmu, ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata, ita ke auna yara da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja da ake naɗawa a damtse. Duk yaron da damtsensa bai kai santimita 11 da rabi ba, ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Ina tsaye kan buhuna ina kiran sunaye sai ta zo ta kama hannun rigata.

“Ƙanena, duba mini gidan yaron nan a takardarka.”

Na duba sau biyu. Babu.

“To ajiye alƙalamin, biyo ni.”

Ta nemi izinin tsohuwa, aka shigar da ni. Abin da ya fara dukan hancina wani wari ne mai ɗaci-ɗaci. Bayan ɗaki, inda mai leƙe daga waje ba zai gani ba, ga babbar roba cike da anza a jiƙe, ruwan ya yi kumfa. Wanda ya tashi a Damargu ya san anza: 'ya'yan itace ne masu ɗan banzan ɗaci, sai an ɓare an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin a iya dafawa, kuma ba a komawa gare ta sai hatsi ya ƙare. Ga tafasa busasshiya a faifai. Turmi kuwa a kife, har gizo-gizo ya yi saƙa a gindinsa.

Yaya ta roƙi matar gidan ta buɗe rumbu. Ta daɗe tana kallon surukarta, sannan ta ɗauko tsohuwar hauya ta fasa lakar. Na farko babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Na biyu dami huɗu ne a kwance a ƙasa, an ɗaure su da kaba.

Na ce, “Baiwar Allah, ga hatsi, yaro na wannan hali?”

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “Na iri ne, Malam. Amana ya bar mini. In mun ci, ranar da ruwa ya sauka me za mu sa a ƙasa?”

San amalanke tun sanyi aka sayar da shi, da kuɗin maigidan ya yi guzuri. Wata uku ba su ji ɗuriyarsa ba. Na juya wajen tsohuwa na ce, “Inna, don Allah me ya hana ku zuwa taro ku faɗa?” Ta gyara lulluɓinta ta ce, “Ɗana, gidan nan shi ke cika wa mutane ƙwarya tun mijina na da rai. Da wane baki zan miƙa tawa a bainar jama'a?”

Na fita raina a ɓace na sami maigari. Na ce, “Baba, kun san halin gidan nan?” Ya ce, “Sarai muka sani.” Na ce to me ya sa kwamiti ya yi shiru? Ya ce, “Yaro, kai ka ce a faɗi sunan talaka tilis a gaban gari. In mun kira sunan mutumin nan ba ya nan, mun tsiraita shi. Mun ɗauka in ka je za ka gani.”

Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Sun rufa wa ɗan'uwansu asiri, suka bar mini ƙofa in shiga, ni kuma na tsaya bakin darni ina ƙirga laka.

A daren na hau tudun da ake samun layi na kira buro. Aka ce sunaye sun riga sun tafi Yamai, buhu a ƙirge yake, sai dai zagaye na gaba. Ban ga laifin wanda ya faɗa mini ba, domin duk sunan da za a ƙara sai an cire wani, kuma cikin 60 ɗin nan babu wanda zan iya duban idonsa in ce ya koma gida hannu rabbana.

Da na sauko, bayan isha'i, sai na ga mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ƙwarya rufe da faifai a ƙarƙashin mayafi, suna bin bayan gari ba ta tsakiya ba. Waɗanda muka bai wa hatsi da rana ne. Dokar aikinmu ta ce rabon gida na gidan ne, kada a sake raba shi, kuma an ce in na gani in rubuta. Na rubuta kuwa, yadda na gan shi, na ƙara da cewa tsarinmu ne ya bar gidan a waje, kuma ni ne na ja layin. A rahoton na nemi abu biyu: kada a sake tabbatar da gida sai mace ta shiga ta ga turmi da tukunya, kuma bayan taron gari a bar wata kafa da limami ko ungozoma za su kawo suna a asirce. An amince da na farko nan take, na biyu sai da aka sha muhawara.

Da asuba muka sa yaron da uwarsa a motarmu zuwa likitar Tanut. Yaya ce ta rungume shi duk tsawon hanya, tana ɗiga masa ruwan sukari da cokali. Kafin mu tashi uwar ta ce a dakata mata. Ta koma ciki ta kwaɓa laka, ta sake liƙe bakin rumbun da dami huɗun nan suke, ta wanke hannu, sannan ta fito ta shiga mota.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda muka kwana a likitar, da abin da na tarar a wajen Gure lokacin da shanu suka fara faɗuwa.